Pop Smoke: wata goma na ɗaukaka, da hoton da ya nuna ƙofar gida

A wata fada da ke Bukoki, nan Yamai, inda ɗan yayata yake zama da abokansa bayan sallar isha'i, akwai wata ƙaramar sifika da ba ta hutawa. Shayi na fari, na biyu, na uku, duk a kan kiɗa iri ɗaya ake shan su: wani bugu mai nauyi da ke zamewa ƙasa kamar ana jan buhun gero a kan siminti, sai wata murya mai kauri ta hau kansa, kai ka rantse ta magidanci ce. Mai muryar, Pop Smoke, mawaƙin rap na Amurka, yana da shekara 20 aka kashe shi. Yaran fadar nan ba su jin Ingilishi sai abin da ba a rasa ba, zancensu Hausa ne da Zabarmanci da Faransanci, amma sun haddace amshin waƙoƙinsa, kuma biyu daga cikinsu irin kitsonsa suke yi.

Abin da ya sa na zauna bin diddigin labarinsa shi ne wani ɗan bidiyo da ɗan yayar tawa ya ɗora a WhatsApp da TikTok. Yana tsaye a ƙofar gidan uwarsa, ya jingina da wani moto na aro, sarƙa a wuya, damin kuɗi a hannu. Kuɗin ma na wani abokinsa ne mai shago a Katako, ya ba shi na minti biyar don a ɗauki hoto. A bayansa ana ganin launin ƙofar, ana ganin allon telan da ke maƙwabtaka da su har da sunan shagon. Duk ɗan Yamai da ya so gane gidan nan, kafin la'asar ya gane shi. Na kira shi na yi masa magana, sai ya ce, "Kawu, mi ya yi zahi? Kowa haka shi ke yi. In ba ka gwada ba, wa za shi kalle ka?"

Tambayarsa ta ƙarshen nan ba ta wauta ba ce, ita ce ma gindin maganar. Sai na ce masa ya ba ni labarin mutumin da suke saurare dare da rana. Ya san an harbe shi, ya san waƙoƙinsa, amma bai san yadda masu harbin suka samu ƙofar ba.

Yaron Kanarsi

Sunansa Bashar Barakah Jackson. Sunan ya yi kama da na ɗan unguwarmu, kuma hakan na cikin abin da ya sa yaranmu suke jin sa a jika, ko da yake a coci ya fara kaɗa ganga yana ƙarami. An haife shi ranar 20 ga Yuli 1999 a Buruklin, wani yanki na birnin Niyok. Uwarsa ƴar asalin Jamaika ce, ubansa ɗan asalin Panama, ya kuma tashi a Kanarsi, unguwar da baƙi daga tsibiran Karibiyan suka yi yawa. Rabin laƙabinsa daga bakin kakarsa ƴar Panama ya fito, ita ke kiransa Poppa, sauran rabin kuma abokan unguwa suka laƙaba masa.

Ƙuruciyarsa ba ta tafi sumul ba. Yana aji na takwas aka kore shi daga makaranta saboda ya shiga da bindiga, sannan ya yi wajen shekara biyu a ɗaurin talala cikin gida bisa tuhumar mallakar makami. Ya iya ƙwallon kwando sosai, har aka ɗauke shi wata makarantar horar da ƴan wasa a Filadelfiya yana ɗan shekara 15, amma bayan ƴan watanni likitoci suka gano wata matsala a bugun zuciyarsa, ya tattara ya dawo gida. Daga nan titi ya karɓe shi.

Waƙa kuwa tsintar ta ya yi. A 2018 ya raka wani abokinsa mawaƙi situdiyo, abokin ya yi barci, shi kuma ya shiga ɗakin ɗaukar murya ya gwada. Kiɗan da ya hau kai daga YouTube ya samo shi, na wani matashi ɗan gabashin Landan da ake kira 808Melo. A nan ya kamata mai karatu ya ɗan tsaya, don wannan haɗuwar ita ce asalin komai. Salon da ake kira diril a kudancin Shikago ya tsiro a farkon shekarun 2010, Chief Keef na cikin waɗanda suka fitar da shi duniya. Ya tsallaka teku ya sauka kudancin Landan, inda makaɗa suka canza masa tafiya: suka ƙara masa sauri, suka sa ƙaramar gangar tana tsalle, babban bugun kuma yana zamiya sama da ƙasa. Wannan kiɗan na Landan shi ya sake tsallakowa ya faɗo Buruklin ta intanet, ya tarar da yaro mai muryar da ta dace da shi kamar an auna. Ba a haɗa su a ofishin wani kamfani ba, waya ce ta haɗa su. Irin wayar da ke aljihun kowane yaro a fadar Bukoki.

Wata goma

A watan Afrilu 2019 ya saki "Welcome to the Party". Kafin bazarar can ta ƙare, waƙar ta cika motoci da titunan Niyok, har Nicki Minaj ta hau kanta, Skepta na Ingila ma ya yi nasa. Ya sa hannu da kamfanin Victor Victor na Steven Victor, tare da Republic Records. A watan Yuli ya fitar da tarin waƙoƙinsa na farko, Meet the Woo, wanda "Dior" ke ciki. A Disamba ya fito a "Gatti" tare da Travis Scott, wannan ce waƙarsa ta farko da ta shiga jerin ɗari na Billboard, wato jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. Ranar 7 ga Fabrairu 2020 Meet the Woo 2 ya fito, ya shiga jerin kundaye a matsayi na 7. Kwana 12 bayan nan ya rasu. Daga waƙar da ta fitar da shi zuwa ranar mutuwarsa, wata goma ne.

Cikin watannin nan hukuma ba ta sake shi ba. A Oktoba 2019 ƴan sandan Niyok suka nemi masu shirya bikin waƙoƙi na Rolling Loud su cire shi daga jerin masu wasa, shi da wasu mawaƙa huɗu, bisa hujjar cewa zuwansu na iya jawo tashin hankali, aka kuwa cire su. A Janairu 2020 ya sauka filin jirgin JFK daga bikin nunin tufafi na Faris, aka kama shi kan wata mota ƙirar Rolls-Royce da aka ƙiyasta a dala 375,000. Mai motar ya ce a Los Anjalis ya ba shi aro don ɗaukar bidiyo, sai ga ta a Niyok. Ya musanta laifin, aka ba da belinsa a kan dala 250,000, kuma gidan uwarsa aka sa jingina. Wannan guntun labarin ya tsaya mini a rai. Duniya na kallon yaro cikin tufafin Faransa da agogon zinariya, amma da tafiya ta yi tsauri, gidan uwa ne ya tsaya masa. Motar ma ta aro ce, kamar moton da ɗan yayata ya jingina da shi.

Daren 19 ga Fabrairu

Ya je Los Anjalis ya sauka a wani gidan haya a tsaunukan Holiwud. Kwana ɗaya kafin rasuwarsa, shi da abokin tafiyarsa suka yi ta ɗora hotuna: mota, damin kuɗi, gaban gidan. Cikin abin da ya ɗora har da jakar wata kyauta da aka aiko masa, kuma a jikin jakar akwai takardar da aka rubuta adireshin gidan. Daga baya ƴan sandan birnin suka ce daga waɗannan hotunan ne maharan suka san inda yake.

Bayan ƙarfe 4 na asuba wasu samari da suka rufe fuska suka hau ta barandar bene suka shiga. Yana banɗaki yana wanka. Akwai wata mace a gidan, suka ɗora mata bindiga a kai. Abin da suka zo nema agogonsa ne ƙirar Rolex da sarƙar wuyansa. Aka yi kokawa, aka harbe shi. Kiran neman agaji ma ba daga cikin gidan ya isa ga ƴan sanda ba, wani ne daga can gabashin ƙasar ya buga, bayan wani na cikin gidan ya sanar da shi. Aka kai shi asibitin Cedars-Sinai, a can rai ya yi halinsa.

Da labarin ya bazu, kowa ya ɗauka gaba ce ta ƙungiyoyin daba ta biyo shi daga Buruklin, domin waƙoƙinsa cike suke da wannan zance kuma shi kansa bai ɓoye ɓangaren da yake ba. Binciken bai nuna haka ba. A watan Yuli 2020 aka kama mutum biyar, aka gurfanar da huɗu, dukkansu ƴan Los Anjalis. Babbansu, Corey Walker, shekararsa 19. Wanda ya yi harbin shekararsa 15. Wani jami'in bincike ya shaida wa kotu a 2021 cewa an naɗi muryar yaron a ɗakin tsare yana ba abokin zamansa labari, kuma cewa agogon kaɗai suka tsira da shi, suka sayar da shi dala 2,000. In ka mayar da shi kuɗinmu, bai kai sefa miliyan ɗaya da rabi ba, kuma ba mutum ɗaya ke da shi ba, raba shi za a yi.

Na daɗe ina juya wannan lissafi. A Yamai akwai motocin hannu da suka fi wannan kuɗi. Muryar da ta kai Landan da Faris da Kumasi da Bukoki, a kan wannan aka kashe ta, kuma yaron da ya kashe ta bai kai sa'an ƙanen ɗan yayata ba. A 2023 yaron ya amsa laifin kisa a kotun yara, inda dokar Kalifoniya ba ta barin a tsare shi ya wuce shekara 25 da haihuwa. Wani daga cikinsu, mai shekara 17 a lokacin, aka yanke masa shekara huɗu da wata biyu. Walker, wanda ya tuƙa su, ya amsa laifi a Fabrairu 2025 aka ɗaure shi shekara 29.

Ranar 5 ga Maris 2020 aka zagaya da gawarsa titunan Kanarsi cikin keken doki, jama'a suka cika hanya, sannan aka kai shi maƙabartar Green-Wood.

Gardamar fada

Da na kai wannan labari fadar, baki ya rabu. Wani ya ce kwana ne ya ƙare, ko da hoto ko babu. Na yarda, babu musulmin da zai ja da wannan. Amma ajali yana zuwa da sababi, kuma ba a hana mu duba sababi ba. Uwar da ta yi imani da ƙaddara ita ce kuma ke kulle ƙofa da dare.

Wani dattijo mai sayar da goro kusa da su, da ke jin mu, ya ce ai shi ya jawo wa kansa, wanda ya yi ta waƙar bindiga bindiga za ta ci shi. Wannan ne ban yarda da shi ba, kuma na gaya masa, "Baba, waɗanda suka shiga gidan nan ba waƙa suka je ramawa ba, agogo suka je ɗauka." Da mai wa'azi ne ya nuna agogon nan da adireshin nan a daren nan, da shi ma sun je. Laifin kisa yana wuyan wanda ya kashe. Mawaƙin nan na Amurka XXXTentacion ma shekararsa 20 aka harbe shi a Fulorida a watan Yuni 2018, yana fitowa daga shagon sayar da babura, aka gudu da jakarsa mai dala 50,000. Can ma fashi ne.

Abin da na gani a lamarin Pop Smoke shi ne sana'ar da nuni ya zama jarinta. Kurin da ke cikin rap ba baƙo ba ne gare mu. Duk wanda ya taɓa zuwa kokawar Takobi ya ga ɗan kokawa ya fito tsakiyar fili yana kirari, yana cewa shi ne ba a kayarwa, ga layu da guraye jikinsa, makaɗa na zuga shi. Amma kirarin ɗan kokawa yana da fili, yana da lokaci. In an tashi, ya cire layun ya koma gida, kuma masu kallo ba su bi shi har ɗakin kwana ba. Mawaƙin yau filinsa waya ce, ita kuwa ba a tashi daga wasanta. Dole ya nuna da safe, ya nuna da dare, ya nuna abin da ya saya da inda ya sauka, don in ya yi shiru kwana uku wani ya maye gurbinsa. Gaskiyar ɗan yayata kenan da ya ce in ba ka gwada ba babu mai kallon ka. Wayar da ta kai Pop Smoke ga makaɗin Landan, ta kai waƙarsa kunnen miliyoyi ba tare da ya roƙi gidan rediyo ba, ita ce ta kai yaro ɗan shekara 15 ƙofarsa.

Sai kuma saurin abin. Mawaƙin da ya yi shekara goma yana hawa yana koyon wa zai yarda da shi, ina zai kwana, me zai ɓoye. Wanda ya hau cikin wata goma yana nan da halin yaron unguwa, alhali kuɗin da ke jikinsa da idon da ke kansa sun zama na wani mutum dabam. A Kanarsi ya san kowane lungu da kowace fuska. A Los Anjalis baƙo ne, a gidan haya, cikin garin da ke da nasa ƴan daba da nasa yunwa.

Iyayenmu suna da wani ilimi a kan wannan da muke yi wa kallon camfi. Matafiyi ba ya shelar ranar tafiyarsa. Mai ciki ba ta faɗin watanta. Wanda ya samu yana cewa "rufin asiri" ne kawai. Suna kiran abin da suke tsoro kambun baka, amma in ka duba da kyau, har da ɓarawo da mahassadi suke ɓoye wa.

Muryar da ta rage

Ranar 3 ga Yuli 2020 aka fitar da kundinsa Shoot for the Stars, Aim for the Moon, wanda mawaƙi 50 Cent ya jagoranci kammalawa. Ya shiga a matsayi na 1, kuma duk waƙoƙinsa 19 suka shiga jerin ɗari na Billboard. A watan da ya gabace shi, masu zanga-zangar kisan George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda ya kashe a Amurka, sun yi ta rera "Dior" a titunan Niyok, waƙar kuma ta shiga takarar babbar lambar yabon waƙa ta Grammy ta 2021. A Yuli 2021 aka sake fitar da wani kundin, Faith, shi ma ya hau na 1, amma masoyansa da yawa suka yi ƙorafin cewa an cika shi da baƙin muryoyi, an ɗinka guntayen da bai gama ba. A shekarar 2020 ɗin nan ce kuma diril ya kama Kumasi da salon da suke kira asakaa, ya kama unguwannin Faransa, ta can kuma ya ƙara shigo mana. Mafi yawan yaran Yamai bayan ya mutu suka san shi.

Wannan ɓangaren yana da darasi na daban ga mawaƙanmu. Waƙoƙin da yaro bai saki ba suna cikin kwamfutar mai situdiyo, babu takarda, babu shaida sai ta baki. Muna da hukumar kare haƙƙin mawallafa, BNDA, amma a fadar nan babu wanda ya taɓa taka ƙofarta. In ta Allah ta kasance, uwar yaro ba ta san ma akwai abin tambaya ba. Kano ta ga irin wannan rashi a 2017, da ƙaramin mawaƙin nan Lil Ameer ya rasu sanadin hatsari yana ɗan shekara 14, ana tsaka da sa masa rai.

Yamai ba Los Anjalis ba ce

Ba zan yi ƙarya in ce haɗarin ɗaya ne ba. Bindiga ba ta yawo a hannun yaranmu kamar can, kuma babu mawaƙin Nijar da ke ɗaure da agogon da ya kai wancan. Rap ɗinmu ma da wata fuska ya fara. Waɗanda suka cika dandalin cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda (CCOG) a ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000, su Lakal Kaney da Wass-Wong da Kaidan Gaskiya, faɗakarwa ce ta fi yawa a bakinsu: auren dole, sida, cin hanci, karatun yara. Abin nunawarsu magana ce. Na yanzu sun taso a kan TikTok, inda ido ke riga kunne.

Amma muna da masu fizgen waya a kan moto, muna da masu haura katanga, kuma Damagaram ta san abin da ƙungiyoyin samari da ake kira pale suka yi mata. Ɓarawon da ya ga damin kuɗi a bidiyo bai san na aro ba ne, bai san sarƙar ta jabu ce ba. Ga kuma bambancin da ya fi tayar mini da hankali: Pop Smoke gidan haya ya nuna, a garin da ba nasa ba. Yaranmu ba su da gidan haya. Ƙofar da suke tsayawa gabanta ta gidan iyaye ce, bayanta akwai uwa, akwai ƙanne mata, akwai tsohuwa mai kwana a tsakar gida lokacin zafi.

Wannan na ƙarshen shi na gaya wa ɗan yayata, ban ce masa ya bar waƙa ba, don yana da murya kuma ina son in ga inda za ta kai shi. Ya yi shiru yana juya kofin shayi, can ya ce, "To Kawu, ina za mu ɗauka? Situdiyo ɗaki guda ne, ba ya kyau a hoto." Ya goge bidiyon a daren, ko da yake mutane da yawa sun riga sun gani, wasu sun tura wa wasu. Asabar ɗin da ta biyo baya na ɗauke su a mota, su biyar, muka tsallaka gadar Kennedy muka wuce Harobanda zuwa wajen tuddan yashi, suka ɗauki sabon bidiyon a can kafin rana ta faɗi. Mai shagon Katako bai zo da kuɗin ba a wannan karon, ya ce ranar kasuwa ce. Sarƙar dai tana wuyansa, kuma da muka dawo na ga ya tura ta cikin riga kafin mu shiga unguwa.